Kwalba Ɗaya Daga Zariya Zuwa Badarawa

Tsakanin Zariya da Kaduna bai wuce kilomita 80 ba. A da mutum kan yi asuba a Zariya, ya sha kunu a tashar Kawo, ya gama abin da ya kai shi ya dawo gida kafin la'asar, ba wanda zai ma ce masa sannu da hanya. Amma a watan Mayun 2020 wannan 'yar tazara ta gagari mai mota, ta gagari mai kuɗi. Tun ranar 26 ga Maris gwamnatin jiha ta kafa dokar zaman gida ba dare ba rana. Kwana biyu bayan nan gwamna Nasiru El-Rufa'i ya sanar da bakinsa cewa korona ta kama shi, ragamar yaƙi da cutar ta koma hannun mataimakiyarsa, Dakta Hadiza Balarabe. Aka rufe kasuwanni da masallatai da coci-coci da tashoshin mota, jirgin ƙasan Abuja ya daina tashi daga Rigasa. Abin da ya rage a kan titi sai motocin abinci, tankokin mai, da ma'aikatan da ba a iya yi sai da su.

Kayan da ya fitar da ni cikin wannan hali bai cika leda ba: kwalba ɗaya ta ruwan mofin, katunan ƙwayoyi iri biyu, da takardar likita mai hatimi. Na Goggo ne, ƙanwar mahaifina, wadda ke zaune a Badarawa. Sankarar mama ce ta kama ta. An yi mata aiki an cire na hagu, ta shiga karɓar allurar kemo a Zariya duk bayan mako uku. Kaduna ba ta rasa manyan asibitoci ba, ga Barau Dikko, ga Asibitin 44 na sojoji, ga Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada. Sai dai a lokacin mai ciwon daji da zai buƙaci gashi, ko dai ya nufi asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, ko ya nufi Abuja, domin injinan gashi a faɗin ƙasar nan ba su fi a ƙirga da yatsun hannu ba. Don haka katin Goggo yana Zariya, likitanta yana Zariya, ita tana Kaduna, aka zo aka datse hanyar da ke tsakani.

'Yarta ce ta kira ni da tsakar dare, ba ko gaisuwa. Ta ce, "Kai dai ka san yadda za ka yi. Inna ba ta runtsa ba tun shekaranjiya." Da safe na sami likitan, ya yi magana da su ta waya, ya yi tambayoyi masu yawa, ya rubuta. Samun maganin bai ba ni wuya ba. Kai shi ne aikin.

Wanda ya ɗauke ni direban a-kori-kura ne da ke kai tattasai da albasa Kaduna. Muka bar Ɗan Magaji gari bai gama wayewa ba, ranar Laraba, ɗaya daga ranakun da ake ɗage dokar don mutane su sayi abinci. Azumi ya yi nisa, damina na ta alkawari ba ta sauka sosai ba, manoma na sharar gona a gefen titi ba ruwansu da wata doka. Hanyar kuwa a lokacin kamfanin Julius Berger ke aikinta tun 2018, sai a yi ta karkatar da motoci daga wannan hannu zuwa wancan. A da nan ake cunkoson da zai sa mutum da-na-sanin fitowa, amma ran nan mu kaɗai ne, sai tirela jefi-jefi. Direban bai ji daɗin haka ba. Ya ce in hanya ba motoci, mai shinge ya samu lokacin kowa.

Ya kuwa yi gaskiya. A shingayen farko ana leƙa bayan motar, a ga buhuna, a ɗaga mana hannu. Bayan mun wuce Jaji, kafin Birnin Yero, wani matashin jami'i ya ce in sauko.

"Kai kuma tattasai ne ko albasa?"

Na miƙa masa takarda. Bai dube ta ba, ledar ya karɓa. Ya zaro kwalbar, ya ɗaga ta sama yana kallon ruwan, ya buɗe ya shinshina, sai fuskarsa ta washe, ya ga ya yi kamu.

"Yallaɓai, maganin mara lafiya ne. Ciwon daji."

"Kowa haka yake cewa. Ina mara lafiyar?"

Ban ga laifinsa sosai ba. Shekara biyu kafin nan, a Mayun 2018, gwamnatin tarayya ta haramta maganin tari mai kodin bayan wani rahoton BBC ya nuna yadda matasa ke kwankwaɗarsa a Kano da wasu garuruwa. Tiramadol ma aka sa masa ido. Duk wanda ya tashi a arewa cikin shekarun nan ya san gidan da kwalba ta rusa. To idon da aka koya wa ganin kowace kwalba a matsayin kayan maye ba zai bambance ta ɗan shaye-shaye da ta tsohuwa mai sankara ba. Sai da na kira likitan, ya bar abin da yake yi ya yi magana da babbansu, aka karanta takardar daga sama har ƙasa, aka gwada sunan da ke jikin kwalba da na takarda, sannan aka sallame mu. Direba ya ja mota yana mita, tattasansa na shan rana a banza.

Wannan tsoron kwalba akwai masu ɗanɗana kuɗarsa, kuma ba mashaya ba ne. Mofin tsohon magani ne mai araha. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a matakin ƙarshe na tsanin da ta tsara don kashe zafin ciwon daji. Amma kwamitin masana da mujallar Lancet ta kafa ya ba da rahoto a 2017 cewa rabin mutanen duniya, waɗanda ke ƙasashe mafi talauci, ba sa samun ko kashi 1 cikin 100 na mofin ɗin da ake rabawa, Najeriya kuma tana can ƙasan jerin. Ba don abin ya gagari Afirka ba ne. A Yuganda, Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aiki a Najeriya, ta kafa Hospice Africa a 1993. Ana dama garin mofin da ruwa a zuba a kwalba, daga baya doka ta yarje wa ma'aikatan jinya da aka horar su rubuta shi, su kai wa mara lafiya har ɗakinsa. Mu ma ba a zauna ba gaba ɗaya. Farfesa Olaitan Soyannwo ta shekara da shekaru tana wannan fafutuka a Ibadan, kuma a 2012 ma'aikatar lafiya ta tarayya ta haɗa hannu da ƙungiyar yaƙi da ciwon daji ta Amurka don a riƙa samun maganin a manyan asibitoci. Ya shigo manyan asibitocin, ya tsaya a nan. Daga ƙofar asibiti zuwa gadon mara lafiya sai wanda zai iya tsayawa a shinge ya yi ta rantsuwa.

Muka wuce Maraban Jos da Rigacikun, muka iso Kawo hantsi ya ɗaga. Ana cikin aikin sabuwar gada, wadda sai a Janairun 2022 aka buɗe ta, jar ƙasa ko'ina. Tashar da a kullum ba ka jin maganar na kusa da kai saboda ihun 'yan kamasho, ran nan akuyoyi ne kwance a ƙarƙashin rumfa. Ba Keke Napep, ba acaɓa. Na rungumi ledata na bi ta Unguwar Dosa da ƙafa. Cikin unguwa kuwa rai ya dawo, don ranar fita ce: mata da kwanduna, yara da robobin niƙa, kowa da takunkumin atamfa, wani a hanci wani a haɓa. An mai da filayen wasu makarantun gwamnati kasuwannin wucin gadi, mai tumatir ya baje a inda yara ke taron safe. Kowa sauri yake yi, ba mai tsayawa doguwar gaisuwa.

'Yar Goggo taubashiyata ce, ba ma haɗuwa ba ta tsokane ni ba. Ran nan ta tare ni a zaure da buta da sabulu, ta ce in wanke hannu har gwiwa, ta shimfiɗa mini tabarma a bakin ƙofar ɗaki, nesa da gado. Ba tsokana. A nan na san jikin ya yi tsanani.

"Goggo, ina kwana. Ya jiki?"

"Babana, kai ne tafe cikin wannan masifa? Jiki da sauƙi, alhamdu lillahi."

'Yarta ta dube ni. "Ka ji ko? Haka take gaya wa likita ma. Da ban karɓe wayar ba, da har yanzu ba a san komai ba."

Goggo na zaune a bakin gado, ƙafafunta biyu cikin baho. Ba kumburi, ba rauni, ba abin da ido zai kama. Sai da aka matsa mata ta fara faɗi, ita ma a gutsure. Tafin ƙafa yana ci da wuta, dare ya fi. Yatsun hannu ana tsikararsu. Can sai wani abu ya fizge ta daga hammata zuwa gwiwar hannu kamar ta taɓa minjirya. In zanen rufa ya gogi ƙafar sai ta yi ƙara, amma silifas kan zame daga ƙafarta a tsakar gida ta yi ta tafiya ba ta sani ba. Abin da ya fi ɗaure wa 'yan gidan kai ke nan. Ƙafar da ba ta jin takalmi, ta yaya take jin zafin zane?

Amsar tana cikin jijiyoyi, ba na jini ba, waɗanda ke kai saƙo daga fata zuwa ƙwaƙwalwa. A ciwon yanka ko ƙuna, jijiya lafiyarta ƙalau, labari kawai take kaiwa. A nan kuwa jijiyar ce da kanta ta lalace. Saƙon gaskiya ba ta kai shi daidai, na ƙarya kuma tana ta aikawa ba hutu. Wani lokaci ƙarin ne ke danne ta. Wani lokaci wuƙar tiyata ce ta ratsa ta, don a aikin cire mama akwai wata jijiya da ta bi ta hammata zuwa cikin damtse wadda sau da yawa ake taɓawa. Wani lokaci kuma maganin ne da kansa. Faklitaksel, wanda aka yi ta ɗura wa Goggo, sananne ne da wannan, shi da sisfilatin da oksalifilatin. Jijiyoyi mafi tsawo su ke fara shan wuya, shi ya sa abin ke somawa daga yatsun ƙafa da na hannu ya hau sama. Wani nazari na 2014 da ya tattara bincike da dama ya nuna kusan kashi 68 cikin 100 na masu karɓar kemo suna da alamun a watan farko bayan sun gama, kuma kusan kashi 30 suna tare da su har bayan wata 6. A ƙasar da aka ƙiyasta sababbin masu ciwon daji 124,815 a 2020 kaɗai, sankarar mama a kan gaba, ba ƙaramin taro ba ne ke kwana zaune.

Kafin in zo an gwada duk abin da gida ke gwadawa. An sha Panadol. An sha dikulofenak daga kemis na bakin layi har ya fara cin cikinta. An shafa man zafi. Wata maƙwabciya ta leƙo ta katanga ta ce sanyi ne, a gasa da ruwan zafi. Aka gasa, kuma da yake fatar ba ta ji, sai da safe 'yarta ta ga bororo a gefen ƙafar dama. Na ga wurin, bai gama bushewa ba. Wani ya aiko da rubutu, ta sha, ta ce wannan ko bai kashe zafi ba yana kwantar da rai. Wani ya fara zancen jifa. Magungunan ciwon jiki na yau da kullum ba su cika taɓa irin wannan zugi ba, don ba kumburi ne a wurin ba balle su sauke shi. Masu taɓa shi magunguna ne da aka fara yi don wasu cututtuka daban: amitiriftilin da duloksetin na ciwon damuwa, gabafentin da firegabalin na farfaɗiya, duk suna rage surutun jijiya. Duloksetin ne ƙungiyar likitocin ciwon daji ta Amurka ta fi amincewa da shi ga wanda kemo ya taɓa wa jijiya, amma amitiriftilin ne talaka ke iya saya. Shi ne a ledata, ƙwaya ɗaya ƙarama da dare. Sai mofin don zafin da ya fi ƙarfinsa, sai maganin sakin ciki, saboda mofin na ɗaure ciki. Likitan ya ja mana kunne cewa ƙwayar daren ba ta aiki dare ɗaya, sai an yi kwanaki, za ta busar da baki, za ta sa jiri in aka miƙe da sauri.

Aka zo kan azumi. Ruwan mofin duk bayan awa huɗu ake shan sa, Goggo kuwa ba ta taɓa shan azumi ba sai wanda shari'a ta ɗauke mata. Ta san hukuncin mara lafiya sarai, ta fi ni sani, ba ilimi ne ya rage mata ba. An rufe masallaci, ba tarawihi, tafsiri sai a rediyo. Carbi ya gagare ta domin yatsun ba sa jin ƙwayar, ta koma ƙirgawa a zuci. Ɗaurin ɗankwali sai an yi mata. Tuwon da take tuƙawa tun tana budurwa, yanzu muciya suɓuce mata take yi. Azumin nan ne kaɗai abin da ya rage tana yi da kanta ba mai taya ta, shi ne muka zo mu karɓe. Ta daɗe ba ta ce komai ba, can ta ce, "To, Babana, ku ba ni. In Allah ya ba ni lafiya na rama."

Likitoci na da takardun tambayoyi da suke auna abin da suke kira ingancin rayuwar mara lafiya: barci, tafiya, aiki, hulɗa da mutane, kwanciyar rai. Da za a ba ni in rubuta ta Badarawa, da na fara da alwala da ɗaurin kallabi, da ko mutum na iya riƙe kofin kunu bai zubar ba. Da kuma na sa babbar tambaya guda: mutum nawa suka zo dubiya?

A nan ne, a ganina, kullen ya yi ɓarnar da ba a lissafa ba. Kafin korona, ɗakin Goggo daga la'asar zuwa magariba ba masaka tsinke. 'Yan Islamiyyarsu, 'yan adashi, dangin miji daga Unguwar Shanu da Tudun Wada, kowa da ɗan abin da ya riƙo, wannan lemo, wancan kwanon fate, wata fura. Wata za ta zauna ta ɗora hannun Goggo a cinyarta tana shafawa a hankali, ana hirar bikin wance da sunan wance, sai ka ga mai ciwo ta manta da ciwo har a kira salla. Wannan ba tatsuniya ba ce. Zafin jijiya yana ƙaruwa da kaɗaici da fargaba da rashin barci, yana lafawa in hankali ya tafi wani wuri. In za a tashi kuma sai a cusa ɗari biyar ko dubu ƙarƙashin filo, a ce, "Ga wannan a sayi lemo." Da kuɗin lemon nan ake biyan motar Zariya, da shi ake cika kuɗin allura. Mafi yawan mutanenmu ba su da inshorar lafiya, 'yan dubiya ne ke riƙe da su. Rana ɗaya doka ta ɗauke mai shafa hannu, ta ɗauke mai cusa kuɗi, a daidai watan da aka karya darajar naira daga wajen 306 zuwa 360 kan dala a farashin gwamnati, Indiya kuma, inda ɗimbin magungunanmu ke fitowa, ta taƙaita fitar da wasu daga ciki. Waya ba ta maye gurbin wannan ba. A waya gaisuwa ce kawai, ita kuma amsarta ɗaya ce ga kowa.

Ba cewa nake a bar ƙofa buɗe ba. Wanda kemo ya karya wa garkuwar jiki yana cikin waɗanda korona ta fi yi wa illa, rahotannin farko daga Sin tun a Fabrairu suka nuna haka. A makonnin nan ne kuma ake ta binne dattawa a Kano, har daga baya ministan lafiya Osagie Ehanire ya ce an ƙirga mutuwa 979, rabi ko fiye ana alaƙanta su da cutar. Tabarmar da aka shimfiɗa mini nesa da gado daidai ce. Goggo na cikin waɗanda aka kafa dokar dominsu. A takarda ma mara lafiya na da izinin fita neman magani, sai dai izini ba mota ba ne. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne buhun albasa an san motar da za ta ɗauke shi da abin da zai nuna a shinge, amma wadda aka yanke wa nono take tsakiyar allura, sai ɗan wanta ya raɓu da albasar kafin magani ya iso ta.

Bayan la'asar 'yar Goggo ta ce akwai wanda ya ji na zo daga wurin likita yana son ganina. Tela ne, a layinsu yake. Shagonsa a Kasuwar Bacci yake, wadda aka rushe a watan Maris ɗin nan don a sake gina ta, kafin kulle da 'yan makonni. Ya kwaso keken ɗinkinsa ya ajiye a zaure. Ga Sallah ta matso, lokacin da tela ba ya ganin gadonsa, amma keken na lulluɓe da buhu. Ya ce ko da ba kulle ba abin da zai iya. Ya sa aka ɗauko allura da zare don in gani. Ya kama allurar tsakanin babban yatsa da manuni yana kallonta, don in bai kalla ba bai san tana hannunsa ba. Ya kai zaren, ya kuskure. Ya lashi bakin zaren ya sake kaiwa, allurar ta faɗi kan tabarma. Bai neme ta ba. Ƙafar da ke taka keken ma, in ji shi, ba ta sanin ta taka.

Nasa na hanji ne. An yi masa aiki, an ba shi oksalifilatin. Ya ce lokacin da yake karɓar allurar, in ya taɓa ruwan randa sai hannun ya ɗauki tartsatsi, in ya kurɓi mai sanyi maƙogwaro ya shaƙe, har matarsa ta koma ɗumama masa ruwan alwala rana na ƙwallewa. Wannan an gaya masa tun farko, ya daure. Abin da ya rikita shi, rabonsa da allura tun Maris, kuɗi sun ƙare, hanya ta rufe, amma hannun sai ƙara mutuwa yake yi, zugin na hawa.

"Malam, in maganin ne, ai na daina. To me ke ci na? Ko dai an sa mini hannu ne?"

Wannan kam na san amsarsa, domin likitan Goggo ya taɓa yi mana bayani. Na ce, "Baba, ba hannun kowa." Magungunan dangin oksalifilatin kan taru a saiwar jijiya, ɓarnar ta ci gaba wata biyu ko uku bayan an daina, kafin ta tsaya ta fara ja da baya a hankali. Wani ya warke sarai, wani ya rage da saura. Ya sa na maimaita, ya kira matarsa daga bayan labule ya ce ta saurara. Da ya ji likitoci sun san abin, kuma ba a kansa aka fara ba, ya sauke ajiyar zuciya. Ashe har ya fara zargin wani abokin sana'arsa.

Sai ya zo kan abin da ya sa aka kira ni. Ya sunkuyar da kai. Ko a cikin maganin Hajiya za a ɗan tsiyaya masa, ko cokali biyu ne, ya samu ya runtsa.

Na hana shi. Ban san lafiyar ƙodarsa ba, ban san ta zuciyarsa ba, ƙwayar daren kuwa ba a ba wa mai wasu cututtukan zuciya. Mofin kuma a ƙirge yake, abin da aka tsiyaya masa daga daren Goggo aka rage. Duk hujjoji ne masu kyau, kuma ba wadda ta yi daɗin faɗa a gaban dattijon da ya haife ni yana roƙon cokali biyu. Abin da na iya shi ne na sake kiran likitan ina ba shi haƙuri. Ana gab da shan ruwa, amma ya saurari telan tsaf, ya tambayi magungunan da yake sha, ya sa aka karanta masa takardar sallamar asibiti, sannan ya rubuta takarda ya ɗauki hotonta ya turo ta WhatsApp. Mofin ba ya rubutuwa ta waya, ƙwayar dare dai ta samu. Kemis ɗin unguwa ba su da ita. Ɗan telan ya ari keken hawa ya bi ta Unguwar Sarki ya gangara titin Ahmadu Bello, inda manyan kantunan magani suke, ya dawo bayan isha ta lungu-lungu don kada ya faɗa hannun masu kame a kai shi kotun tafi-da-gidanka.

Ni kuma hanyar komawa ta rufe, na zauna a zauren Goggo sai da aka sake ɗage doka. Daren farko ta yi barcin da ya kai ta har lokacin sahur, 'yan gida suka yi ta leƙa ta suna duba ko tana numfashi, don sun manta yadda barcinta yake. Zugin ƙafa bai tafi ba, ya dai sauko inda za a iya hira yana nan. Kafin in bar gidan ta fara faɗa kan gishirin miya, 'yarta kuma ta samu bakin ce mini har yanzu warin albasa nake yi.

Cikin watan Yuni aka sassauta dokar, hanyar Zariya ta buɗe. Goggo ta koma asibiti, likita ya duba hannuwan ya rage yawan allurar, don in jijiya ta fara taɓuwa ba wani magani da aka tabbatar yana tsare ta, sai dai a rage kemon, ko a canza, ko a dakata. Ta gama, aka yi mata gashi. Yatsun hannu sun dawo a hankali, ta koma jan carbinta. Tafin ƙafa kuwa har yau sai takalmi mai maɗauri a baya.

Telan bai koma kan allurar kemo ba sai da aka buɗe masallatai aka yi masa karo-karo a na layinsu. A shekarar da ta biyo baya aka ce sai ya sake wani zagayen. A 2021 ɗin ne gwamnatin tarayya ta fara wani asusu na tallafa wa marasa ƙarfi masu ciwon daji, a asibitoci 6, ɗaya a kowace shiyya, na Shika a cikinsu. Ɗansa ya ji a rediyo ya bi sawu. Asusun da sankara iri uku ya fara: ta mama, ta bakin mahaifa, da ta mafitsara da ke kama maza. Ta hanji ba ta ciki. Sai aka sayar da keken ɗinkin, wani tsohon yaron shagonsa ne ya saya, aka haɗa da abin da 'yan uwa suka aiko daga Kano aka biya allurar farko.